Uwar Baijnath Ba Suna Ba Ne

Litinin, 5 ga Fabrairu 1951, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka manna jerin masu zaɓe a bangon makarantar Kusumganj. Na je da ƙafata, ban aiki kowa ba. Sunana na nan: Baijnath Sah, mai injin matsar mai. Sun rubuta shi daidai. A ƙarƙashinsa akwai layi biyu, duk an soke su da jar tawada. "Matar Baijnath Sah." "Uwar Baijnath Sah."

Na iske Kamta a ofis. Benci ɗaya muka zauna da shi har aji tara. Shi ya ƙarasa ya zama malamin makaranta, ni na fito na zama mutum. Yanzu gwamnati ta ɗora masa rajistar zaɓe, ya saƙale alƙalami a kunne sai ka ce alƙali.

Na kira shi yadda ake kiran malaman makaranta, na ce, "Mastaji, wa ya soke min iyali?"

Ya ce, "Umarni ne daga sama, Sethji. Kowace mace sai da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Matar wane da uwar wane ba suna ba ne." Sethji, haka ake kiran ɗan kasuwa mai dukiya.

"Sunana bai isa ba ke nan?"

"Ya isa mana. A jikin gwangwanin mai."

Masu jira a bakin ƙofa suka yi dariya. Na gane fuskokinsu, zan tuna. Ya miƙo min fom biyu, ya ce an ba da wata guda, zuwa bakwai ga Maris ƙarfe huɗu. In cike, su dangwala yatsa.

Da na dawo gida Inna ta tambaye ni ko tana cikin jerin. Na ba ta amsa. Ba zan rubuta amsar ba, maganar cikin gida ce, kuma a gajiye nake.

Ni Baijnath, ba wanda ya ba ni ko tsinke a duniyar nan. Ba malamin firamare ne zai koya min yadda ake kiran matan gidana ba.

Talata, 6 ga wata, tsakar rana

Inna ba ta taɓa abincin gidan ba.

Laraba, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta kwashe tabarmarta da tukunya ɗaya ta koma tsohuwar rumfar bayan gida, inda turmin matsar mai na katako yake, wanda sa ke juyawa a da. Ɗaki na gina mata da bulo, da taga mai gilashi. Ta bar shi ta koma cikin saƙar gizo-gizo, tana dama sattu, garin gasasshen wake, da gishiri da ruwan sanyi kamar wadda ba ta da kowa. Katangar wajen gajera ce. Duk mai wucewa zai gani.

Za ta huce. Tsofaffi da yara ɗaya suke.

Juma'a, 9 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na cike fom ɗin matata, uwar Bidya. Dhaneshwari Devi. Na karanta mata da ƙarfi, ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya.

Ta ce, "Ashe kana tune, Baban Bidya? Rabon da in ji shi tun ranar da aka zagaya da mu wutar aure."

Ta dangwala yatsa, ta tsaya tana kallon tabon kamar ta ga fuskarta a rijiya.

Na jawo fom na biyu. Alƙalamin ya ƙi rubutu. Gobe.

Lahadi, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ina shan shayi Bidya ta zo ta tsaya min a ka. Shekara goma sha bakwai, ni na sa ta makaranta lokacin da duk danginmu ke cewa na haukace, yau ga sakamakon.

Ta ce kakarta ta ba ta labarin zaɓen shekarar talatin da bakwai, zamanin Turawa, lokacin da sai mai fili ko mai gida ke jefa ƙuri'a, sai matansu da 'yan matan da suka yi karatu. Wai ranar an ɗauko matar mai gonakin garin nan a kujerar ɗauka mai labule, maza huɗu na nishi, aka kai ta har bakin akwati. Inna na tsaye a gefen hanya da tulun mai a ka, ta tambayi ɗan sanda me ake yi a ciki. Ya ce ana zaɓen masu mulki, ta matsa kada ta ɗiga wa mutane mai. Wai tun ranar ta sa a ranta sai ta shiga ɗakin nan.

Na ce to ai ga shi an buɗe wa kowa, mai fili da marar fili.

Ta ce, "Kaka ta ce ita ma tana da fili a lokacin, Baba. A shekarar ne aka sauya sunan da ke kan takardar."

Don sauƙin aiki na mayar da filin rumfar da sunana. Mace marar karatu za ta iya zaryar ofisoshi? Kowa haka yake yi.

Kuma ta sake tono maganar shekarar rikicin gishiri, da Inna ta bi mata suka tare ƙofar kantin yadin Turawa aka fasa mata kafaɗa. Wai sanda ba ta tambayi sunanta ba kafin ta sauka. Mun ji. Sau ɗari mun ji.

Talata, 13 ga wata, da safe

Saura kwana ashirin da biyu. Lokaci na nan.

Alhamis, 15 ga wata, bayan abincin rana

Na ɗan zagaya da uwar Bidya. Na ce a gidajenku mata in kun keɓe ai kuna kiran juna da suna ko?

Ta aje tire ta dube ni. "Ni in kama sunan surukata? Harshena ya tsinke. Ranar da aka kawo ni gidan nan Inna aka ce min, Inna na riƙe." Sai ta rage murya. "Kai ma ba ka sani ba?"

Na ce ta kwashe kwanukan.

Ta ce, "Taku ashirin ne tsakaninka da rumfar, Baban Bidya."

Mutum mai shekara arba'in da huɗu, mai ma'aikata goma sha tara, ya je ya durƙusa ya ce wa uwarsa yaya sunanki? A wane gari? Ɗa ba ya kiran sunan uwa, miji ba ya kira, suruka ba ta kira. Haka muka taras. In abu ba a faɗarsa, ta ina za a ji shi? Laifin wa?

Asabar, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Tun ina yaro maƙwabta Piprawali suke ce wa Inna. Na rubuta Piprawali Devi na kai wa Kamta, na ce yatsan zai biyo baya.

Ya karanta, ya cire tabarau ya goge.

"Sethji, Piprawali ai 'yar Pipra ke nan. Wannan kwatancen hanya ne. A unguwarku kaɗai ina da 'yan Pipra shida, har da akuyar mai wanki, can aka sayo ta."

Na ce ya iya bakinsa.

Ya ce, "Na iya. Ga sabon fom. Kada ka damu, ba kai kaɗai ba ne. Jiya wani ya kawo min matarsa, an tambaye ta sunan mijinta ta ƙi faɗa, an tambaye shi nata ya ce bari ya tuna. Shekara talatin suna tare. Sai da aka kira mai sayar da awarwaro ta raba gardama."

Ban yi dariya ba. Sunana a rubuce yake a gwangwanin da ake kaiwa har Patna. Shi nasa ko a ƙofar ajinsa babu.

Talata, 20 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na je wurin Panditji, malamin addini mai riƙe da littafin zuriyarmu. Ya kwance jan ƙyalle ya karanto min kakanni bakwai, kowa da sunansa, har wanda kada ya cinye a mashaya. Da ya zo kan mahaifina: "Ramautar Sah, ya auri 'yar gidan masu mai daga Pipra." Shi ke nan.

Na ce babu ƙari?

Ya ce, "Me za a ƙara? Gona ake rubuta wa suna ko mai gona?"

Na gyaɗa kai a wurin. A hanya kuma maganar ta tsaya min a rai, ban san dalili ba.

Alhamis, 22 ga wata, da yamma

Inna tana tari. Na aika da bargo, ya dawo a naɗe yadda ya tafi.

Lahadi, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ce wa gida zan je duba mastad, ƙwayar da muke matsa, a ƙauye. Pipra na je. Rabona da garin tun ina riƙe da gefen zanin Inna.

Kogi ya cinye unguwarsu tun shekarar girgizar ƙasa. 'Yan uwanta maza biyu sun mutu, 'ya'yansu suna Kalkata. Aka kai ni wurin wata tsohuwa makauniya da ke shan rana, wai tare suka yi wasa.

Ta ce, "'Yar gidan masu mai? Mai gudun nan kamar barewa? Ƙarama muke ce mata."

Na ce sunanta na ainihi nake nema.

Ta lalubo hannuna. "Kai wane ne nata?"

Na ce ɗanta.

Ta saki hannun. "Ta mutu ne?"

Na ce tana nan da ranta.

"To me ya kawo ka nan?"

Na dawo a jirgin yamma. Mastad ɗin bana ba laifi.

Laraba, 28 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na aika wa Kamta gwangwanin mai na farkon matsa, na bi bayansa. Na ce Mastaji, mu bar wasa. Ka rubuta Rampyari ko Sitabai, ko me ka ga dama. Wa zai bincika?

Ya ce, "Ita. Sai na karanta mata kafin ta dangwala. Kuma ranar zaɓe da ƙarfi ake kiran suna a gaban layi. Kana so a kira uwarka da sunan wata, ta amsa?"

Na ce ƙuri'a ɗaya ce a cikin miliyoyi, me za ta ƙara, me za ta rage?

Ya ce, "To bar taka a gida ranar, tunda ɗaya ce."

Kafin in iso gida gwangwanin ya riga ni. A tsakar gida aka aje shi, kowa ya gani.

Ba wanda ya ba ni ko tsinke. Ba na roƙo. Ban saba ba.

Juma'a, 2 ga Maris, da hantsi

Bidya ta san sunan Inna.

Uwarta ce ta suɓutar da baki na ji. Na kira ta, na rufe ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun ina aji biyu."

"Faɗa min."

"Ta sa na dafa kanta na rantse."

"Ni ubanki ne."

"Ita uwarka ce." Idonta ya cika amma ba ta sunkuyar ba. "Na ce ta bari in cike in kai da kaina, ta ƙi. Ta ce wanda ya goge ta shi zai rubuta ta."

Na ce ni na goge ta ko Kamta?

Ta ce, "Bara da Mastaji ya zo ƙofa yana ɗaukar sunaye ina nan, Baba. Kaka ta taso har bakin labule ta fara magana. Ka ce, Inna, maza na magana."

Ban dake ta ba. Na rubuta wannan don a sani.

Lahadi, 4 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na yi takun ashirin ɗin. Ashirin da uku ne.

Tana zaune ta jingina da turmin, tana tsince wake. Ta rame. Na tsaya a bakin rumfar, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa rufin nan yana yoyo, ya kamata a gyara kafin damina.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sethji ya zo duba rufi."

Ba ta taɓa ce min Sethji ba. Baiju take cewa.

Na ce, "Inna, saura kwana uku. Taurin kan nan ke zai cuta."

"A nonona ka sha shi, na san ɗacinsa." Ta watsar da tsakuwa. "Ka tuna san da ke juya turmin nan? Sai an ɗaure masa ido. Ya wuni yana tafiya, a ransa ya kai birnin Kashi mai tsarki, da yamma a kwance ƙyallen ya ga yana inda yake. An ce ka je Pipra."

Na juyo.

Talata, 6 ga Maris, tsakar rana

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Ranar da ta tambaye ni ko tana cikin jerin, na ce an soke, wai sai da suna. Ta ce to a kai musu sunan mana. Raina a ɓace yake da dariyar mutanen can. Na ce, "Wane suna gare ki? Da sunana kike ci, da sunana kike sha. Ba don ni ba wa ya san ki a garin nan?"

A gaban surukarta. A gaban jikarta.

Ina da shekara shida mahaifina ya mutu. San ya bi shi bayan wata biyu. Kafin a samu wani, ita ta riƙa sa ƙirji a sandar turmin tana zagayawa, ni ina zaune a kan sandar ina ce mata ta ƙara gudu. Mundayen azurfarta na aure su suka zama injina na farko.

Ko tsinke, in ji ni.

Gobe da sassafe.

Laraba, 7 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Da sassafe bel ɗin inji ya tsinke. Akwai mai gyara, ba sai na tsaya ba. Na tsaya. Da rana na ce bari ta gama cin abinci. Bayan nan na ce bari ta ɗan kwanta. Uku da rabi ta wuce na shiga rumfar da fom da tawada.

Na durƙusa na taɓa ƙafarta. Na ce, "Inna, ban sani ba. Ban taɓa sani ba. Ki faɗa min."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ture mayafi ta miƙo min hannun dama, cikinsa a sama.

Jarfar nan. Zanen allura da baƙi da ke tsakanin wuyan hannunta da gwiwar hannu, wanda na ɗauka ganye ne da furanni irin na matan ƙauye. Ta ja fatar da yatsu biyu ta miƙe. Haruffa ne.

Phuljhari.

Sunan tsinken tartsatsin nan da yara ke kunnawa ranar bikin fitilu. Uwata.

Ta ce, "A kasuwar baje koli aka yi min, ina da shekara tara. Babana ya ce in an kai ni gidan miji za su ƙwace komai, wannan kam sai dai su yanke hannun. Ni ban iya karanta shi ba. Kai na tura makaranta. Da hannun nan na ba ka abinci, Baiju, da shi na yi maka wanka. Bidya na koyon haruffa ta karanta shi tana shafa min mai."

Na rubuta. Ta dangwala. Na fita da gudu, ni Baijnath Sah, ba takalmi, ta tsakiyar kasuwa.

Huɗu da minti ashirin. Kamta na zaune a kan matakala, ofis a kulle.

Ya ce, "Na riƙe jakar takardun har huɗu da kwata, Baijnath. Mai kai ta ya ce jirgi ba ya jiran kowa. An buga hatimi, ta tafi."

Ya karɓi fom ɗin ya karanta duk da haka. Ya ce suna mai daɗi. Ya miƙo min.

Alhamis, 8 ga Maris, da safe

Inna ta dawo ɗakinta. Ta ci gurasa biyu. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ga ƙafafuna jiya.

Asabar, 17 ga Maris, da rana

Na je hedikwatar gunduma sau biyu. An rufe. Sai zaɓe na gaba.

Alhamis, 10 ga Janairu 1952, ƙarfe biyar na yamma

Na daɗe ban buɗe littafin nan ba. Yau aka yi zaɓen.

Tun da safe na ga Inna ta yi wanka ta ɗaura sabon farin zanen sari. Na ce, "Inna, kin san ba kya ciki." Ta ce wa Bidya ta miƙo mata sanda.

Layin mata ya kai har bakin rijiya. Masu shara, masu wanki, matar mai gonaki da ƙafarta ba kujerar ɗauka, kowa a bayan wadda ta riga ta. Na jefa tawa na fito na tsaya daga nesa. Awa biyu tana tsaye a rana tana tari. Uwar Bidya na gabanta, aka kira Dhaneshwari Devi, ta shige bayan labule inda akwatunan suke.

Malamar da ke teburin, baƙuwa ce, ta ce, "Sunanki, Inna?"

Ta faɗa. Ba a hankali ba. Har layin maza an ji, wasu tsofaffi suka waiwaya suna tambayar wace ce. Shekara hamsin suna sayen mai a hannunta.

Malamar ta bi jerin da yatsa har ƙasa, ta sake bi. "Ba kya ciki."

"Na sani."

"To sai dai haƙuri. Nan da shekara biyar."

Inna ta yi dariya har tarin ya kama ta. Ta ce, "Ki dube ni da kyau, 'yata." Ta leƙa bayan labulen sau ɗaya daga inda take tsaye, ta juyo.

A hanyar gida na sa hannu a aljihu. Ta ce in fito da shi. Ta kama yatsan da aka ɗiga wa tawadar zaɓe, ta kai shi kusa da ido, ta murza da babban yatsanta.

"Yana gogewa?"

Na ce bayan 'yan kwanaki.

Ta sake ni, ta ja mayafi ta rufe hannunta.

"Nawa shekara sittin bai goge ba," in ji ta. "Mai karantawa ne babu."